A daina kai mu otal ana nuna mana allo, a bar mu mu koya a bakin aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida in yi magana kan sana'ata, wato aikin laburare, don na lura duk sanda aka tashi zancen ɗakunan karatu a Arewa maganar ba ta wuce gini da littattafai, rufi na yoyo, littattafai sun tsufa, gwamnati ta yi watsi da mu, yara ba sa karatu sai danne-dannen waya. Duk gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, kai ko ginin hedikwatar laburaren ƙasa a Abuja da aka ba da kwangilarsa tun 2006 ai ya haura shekara 15 ba a gama ba, balle namu na jihohi. Amma abin da ban cika ji ana tambaya ba shi ne mu da ke zaune a bayan kanta, wa ke koya mana aikin zamani, me ake koya mana, kuma ta wace hanya.

Ni ma'aikacin laburare ne a wata makarantar gaba da sakandare, na daɗe a aikin, kuma ba zan ambaci sunan wurin ba don ba tonon silili na zo yi ba, abin da zan faɗa kusan ko'ina haka yake. Maganata ɗaya ce, yadda ake mana bita a kan intanet da kafafen sada zumunta da manhajojin aikin haɗin gwiwa ɓarnar kuɗi ce kawai, kuma akwai hanya mai arha da ta fi ta aiki nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake tafiya, duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san shi. Takarda ta zo daga sama wai za a yi taron ƙara wa juna sani na kwana uku, oga ya zaɓi mutum biyu ko uku, yawanci manya waɗanda rabon su da zama a kanta su amsa tambayar ɗalibi har sun manta, a tafi otal, a raba jaka da biro da ɗan littafin rubutu, a kunna furojekta, mai gabatarwa ya yi ta karanto abin da ke kan allo da Turanci tiryan-tiryan, yau Google Drive gobe Zoom jibi ƙirƙirarriyar basira, sabis ɗin otal ɗin kuwa ko shafi ɗaya ba ya buɗewa saboda kowa ya hau kai, a sha shayi, a yi hoto, a karɓi satifiket da alawus, a dawo. Ranar Litinin kowa ya koma kan tsohuwar rajista da jan biro. Satifiket ɗin ya shiga fayil yana jiran lokacin ƙarin girma. Yarinyar da ke bayar da aron littafi da dattijon da ke kula da sashen jaridu da masinjan da ya fi kowa sanin inda kowane littafi yake, su ko labarin abin da aka koyo ba za su ji ba.

Don Allah Malam Edita ka taɓa ganin telan da ya koyi ɗinki ta hanyar kallon hoton keke a allo kwana uku? Yaron tela zama yake a shago, a ba shi ƙyalle ya ɓata, a warware ya sake, har ƙafarsa ta saba da feda. To waɗannan manhajoji ma haka suke, sai hannu ya taɓa, sai mutum ya goge abu bisa kuskure gabansa ya faɗi sannan ya gano ashe ana iya dawo da shi.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan tunani ba. A 2006 wata ma'aikaciyar laburaren jama'a a birnin Charlotte da ke jihar North Carolina a Amurka, sunanta Helene Blowers, ta tsara wa abokan aikinta wani shiri da aka fi sani da 23 Things, wato ƙananan ayyuka guda 23 da mutum zai yi da kansa cikin 'yan makonni, a kan teburinsa, a lokacin aiki, ba aji ba malami ba jarrabawa. Wannan makon ka buɗe shafinka na rubutu, na gaba ka ɗora hoto a Flickr, na gaba ka gyara wani shafi da kowa ke iya sa hannu a ciki, kowane aiki ka gama ka rubuta 'yan layuka kan abin da ka gani da inda ka maƙale, abokan aiki su karanta su taimaka maka. An buɗe shi ga kowa da kowa a wurin, ba manya kaɗai ba, wanda ya kammala kuma aka ba shi kyautar 'yar na'urar sauraren MP3, lokacin ita ce abin yayi. Ta kuma bar tsarin a buɗe duk mai so ya kwafa ya gyara, shi ya sa ɗakunan karatu da yawa a duniya suka ɗauka, har na jami'o'in Oxford da Cambridge a Ingila sun yi nasu a 2010. Ka duba fa, mutanen da ba su san ɗauke wuta ba su ne suka ga cewa tara ma'aikata a aji ba ya kai su ko'ina, mu kuma da ba mu da kuɗin ɓatarwa mu ne muka nace wa otal.

Ba cewa nake a kwafo nasu jerin ba, don wasu daga cikin abubuwan da suka koya a wancan lokacin sun mutu. Google Reader an rufe shi a 2013, Google+ a 2019, Yahoo Groups da wasu malamanmu suka yi shekaru suna tattaunawa a kai an rufe shi a 2020, a nan gida ma OkadaBooks da marubuta suka zuba littattafansu a ciki ta tsaya a 2023. Wanda aka koya wa danna nan danna can kawai, ranar da manhajar ta mutu ko ta canja fuska shikenan ya koma sifili. Wanda kuwa ya saba da lalube da kansa, ya saba da tambayar na kusa da shi ba kunya, gobe ko me aka kawo zai iya. Wannan sabon shi muke nema, sunan manhajar ba shi ne ba.

Namu jerin dole ya fara daga waya, ba daga kwamfuta ba. Kwamfutocin da ke ɗakin da ake kira e-laburare a wurare da yawa a lulluɓe suke da leda, ɗakin a kulle, makulli na wurin mutum ɗaya, ba a buɗewa sai masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Amma kusan kowane ma'aikaci yana da Android a aljihu kuma ya iya WhatsApp, ya iya tura hoto, ya iya saƙon murya, yana guruf ɗin 'yan uwa da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai. Wato rabin karatun an riga an yi shi kyauta, saura a juya shi ya fuskanci aiki.

Bari in ba da misali da abin da muka yi a sashenmu, ba da izinin kowa ba kuma ba da kasafin kowa ba. Muna da tarin furojet na ɗaliban da suka gama, shekara da shekaru, an jibge su a kanta bisa sashe kawai, ɗalibi in ya zo neman abin da aka taɓa rubutawa kan maudu'insa sai dai ya tsuguna ya yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana shaƙar ƙura. An sha yunƙurin rubuta jerin su a kwamfuta, amma kowa da nasa fayil, wannan a filash ɗinsa wancan a laftof ɗin gida, akwai mai suna na ƙarshe, akwai na ƙarshen ƙarshe, akwai wanda bairos ya cinye, ba wanda ya san wanne ne cikakke. Sai wata abokiyar aikinmu ta buɗe takarda ɗaya tak a Google Sheets, manhajar jadawali ta intanet da mutane da yawa ke iya rubutu a ciki tare, layi biyar, sunan ɗalibi, taken aiki, sashe, shekara, lambar kanta, ta tura mana mahaɗin a WhatsApp, ta ce kowa ya ɗauki kanta ɗaya, in ya samu sarari ya shigar da ko guda goma ne ta wayarsa. Ranar farko abin dariya, wani dattijonmu yana cikin rubutu sai ya ga wani ɗan akwati mai launi yana yawo a saman nasa layin, haruffa na fitowa su kaɗai, ya ajiye wayar ya ce a'uzubillahi wa ke taɓa min aiki, ashe ita ce daga ɗaya ɗakin take shigar da nata. Da aka nuna masa cewa su biyun takarda ɗaya suke kallo a lokaci ɗaya sai ya yi shiru can ya ce to ai wannan ya fi rajista, rajista sai mutum ɗaya ya gama ya miƙa. Wallahi wannan jimla tasa ta fi duk bayanin da na taɓa ji a otal.

Kuma a cikin wannan ɗan aikin aka koyi abubuwan da ba a shirya koyar da su ba. Wani ya goge layuka da yawa bai sani ba, hankali ya tashi, sai aka gano a kwamfuta akwai wurin da ke nuna tarihin takardar, wa ya canja me da yaushe, aka dawo da su. Aka koyi bambancin ba mutum damar gani kawai da ba shi damar gyara, don da farko mahaɗin a buɗe yake kowa na iya rubutu, da ya faɗa hannun ɗalibai da mun sha mamaki. Aka yi gardama kan yadda za a rubuta sunaye, wannan ya sa Muhammad wancan Mohammed wani Muh'd, wani ya fara da sunan uba wani da sunan yanka, dole aka zauna aka tsayar da ƙa'ida ɗaya, wanda kuma shi ne ainihin ilimin kataloji, wato tsara jerin littattafai, da aka koya mana a makaranta muka ajiye. Aka gano ana iya ajiye takardar a waya a ci gaba da aiki ko ba sabis, in ya dawo ta haɗe da kanta. Yanzu ɗalibi in ya zo sai a rubuta kalma ɗaya a nemo, a ce masa je kanta kaza. Ba a sayi komai ba in ban da data, ita ma daga aljihunmu, kuma zan zo kan wannan.

Na biyu shi ne lambar WhatsApp ta laburare. Ba lambar oga ba, ba ta wani ma'aikaci ba, layi na musamman da waya ta musamman da ke kwana a ofis. WhatsApp Business kyauta ce, ana sa lokutan aiki, ana sa saƙon da zai amsa da kansa in an rufe, ana yi wa tambayoyi alama wacce an amsa wacce saura. Ka tuna da matar aure da ke karatu tana da goyo, ko malamin firamare a ƙauye da ke ƙaro ilimi, wanda zai kashe kuɗin mota ya zo a ce masa littafin na hannun wani, alhali da layi ɗaya zai tambaya kafin ya taso. Kuma saƙon murya da Hausa ya wadatar, ba sai an iya Turancin ofis ba, wannan ma ya buɗe ƙofa ga ƙananan ma'aikatanmu da ke jin nauyin rubutu amma sun san kayan ɗakin kamar yunwar cikinsu. A lokacin kullen korona a 2020, da dogon yajin aikin ASUU na waccan shekarar da na 2022 da ya kai wata takwas, ɗakunan karatu da yawa ɗif suka yi kamar babu su, ɗalibai na gida suna neman abin karantawa, mu muna gida da wayoyi a hannu, ba abin da ya haɗa mu. Zoom da Google Meet kam ba zan ɓata fili a kansu ba, kowa ya ɗanɗana, suna shan data kuma na kyauta na Zoom minti 40 yake yankewa, a koya a wuce.

Inda nake so in daɗe shi ne maganar kalmar sirri, don a nan ne muke asara mafi ciwo kuma ba wanda ke lissafa ta. Ka shiga Facebook ka nemi shafukan ɗakunan karatu na makarantu da na jihohi, za ka tarar da yawa fostin ɗin ƙarshe ya shekara da shekaru, wani wurin ma shafi biyu ko uku ne da suna ɗaya duk matattu. Dalili ba ɓoyayye ba ne. An turo ɗan bautar ƙasa mai ƙwazo, oga ya ce kai yaro ka iya waɗannan abubuwan buɗe mana, ya buɗe da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya yi ta ɗora hotuna shekara guda mutane suka fara bi, ya gama hidima ya koma garinsu, shafi ya tafi da shi. Shekara ta zagayo aka turo wani ya buɗe sabo. Ba laifin yaran ba ne, mu ne muka mayar da abin aikin yara maimakon aikin ofis. Ya kamata darasin farko a kowane irin koyo ya zama wannan, imel na ofis da sunan laburare, shafi ya kasance da admin aƙalla biyu daga ma'aikatan dindindin, kalmar sirri a rubuce a ambulan a kulle a inda ake ajiye hatimi, duk wanda zai bar aiki ko aka canja masa wuri ya miƙa ta kamar yadda yake miƙa makulli. Mu da aka sani da adana takardar da ta shekara 50, abin kunya ne a ce ba mu iya adana kalmar sirri mai harafi takwas ba.

Haka nan damfarar nan ta lamba shida. Wani ya kira ka da ladabi ya ce shi ɗan guruf ɗinku ne za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka wata lamba karanto min in sa ka a ciki, kana karantowa ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Na ga ta ci manyan mutane masu digiri. In ta ci lambar laburare fa, da lambobin ɗaruruwan ɗalibai mata da maza a ciki? Kunna matakin tsaro na biyu da WhatsApp ya tanada don hana irin wannan minti biyu ne, amma sai wani ya zauna kusa da kai ya nuna maka, allo ba zai yi ba.

Wannan ya kawo ni kan amana. A aikinmu tun kafin intanet ba ka faɗa wa wani abin da wani ya ara, ko mijinta ne ko malaminsa, balle yanzu da akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma sai ka ga an ɗauki hoton shafin rajista da sunaye da lambobin waya an watsa a guruf wai ana cigiyar waɗanda ba su dawo da littafi ba, ko a ɗauki hoton yara 'yan makaranta da suka zo ziyara a ɗora ba a tambayi kowa ba. Sai kuma PDF. Ai kowa ya san yadda ake yi wa marubutanmu na Hausa, mace ta yi wata da watanni tana rubutu, rana ɗaya wani ya watsa littafin a guruf-guruf kyauta. Bai kamata a ce da hannun ma'aikacin laburare a wannan ba ko da niyyar taimako ce, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma ko ba doka haƙƙi ne. Abin da ya kamace mu shi ne mu san inda halal ɗin yake mu nuna, mujallun bincike na Afirka da ke shafin AJOL waɗanda da yawansu kyauta ne, shafin DOAJ mai jera mujallun bincike na kyauta, rubuce-rubucen ajami na Hausa da Jami'ar Boston ta ɗauki hotonsu ta sa a intanet, tsofaffin takardun da shirin British Library na ceto kundaye ya ɗauka har daga nan Arewa. Ɗalibi ba zai san da su ba in mu ba mu sani ba. Sannan shafin ofis ba wurin siyasa ba ne ba kuma wurin wa'azin ɓangare ba, wannan ma sai an faɗa ƙarara don na ga inda aka manta da wane akawun ake ciki aka yi sharhin zaɓe.

Akwai kuma Wikipedia, wadda malamai da yawa ke zagi a aji su koma ofis su buɗe. Tun 2016 ake wani kamfe mai suna 1Lib1Ref, ma'anarsa kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ɗaya tak a wani shafi da ba shi da ita. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Accra ta Ghana, ta ɗauki abin a 2020 ta ware mako guda na ma'aikatan laburaren Afirka, ta kuma shirya kwas a kai. Ga Wikipedia ta Hausa nan matasa 'yan sa kai na ta fama, da yawan shafukan garuruwanmu da sarakunanmu da malamanmu layi uku ne ba madogara, alhali littafin da zai tabbatar da maganar yana bayanmu a kanta yana shan ƙura. Me zai hana ranar Alhamis ɗaya a wata a gayyato waɗannan matasa ɗakin karatu, su koya mana gyaran shafi mu kuma mu ciro musu littattafai? Ma'aikacin da ke laburaren Kashim Ibrahim a Zariya da na Murtala Muhammed a Kano da na Ramat a Maiduguri da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato da Arewa House a Kaduna, kowa akwai abin da ke hannunsa da babu a wurin ɗan uwansa, kuma galibi ba mu san juna ba sai in an haɗu a taron shekara.

Na san abin da za a ce, wuta da data. Gaskiya ne, musamman tunda hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗauki kuɗin cefane ya sayi data don aikin gwamnati ba kuma bai kamata a sa ran haka ba, mu ma da muka yi don abin ya dame mu ne, ba tsari ba ne. Amma a ɗauki kuɗin bita ɗaya ta otal, ɗaki da abinci da jaka da alawus da ƙyallen sanarwa, a lissafa watanni nawa na data zai saya wa duk ma'aikatan, da ɗan sola na cajin waya. Ban ce a ba ni amsa ba, masu sa hannu a fayil sun fi ni sanin lissafin, kuma sun san dalilin da ya sa aka fi son otal. Sannan kar a yar da takarda, a Satumban 2021 an rufe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan maƙwabta saboda tsaro, Twitter ma an dakatar da ita a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don haka duk jerin da aka yi a intanet a riƙa sauke kwafi ana bugawa lokaci-lokaci, rajista ta zauna a inda take.

Za kuma a ce dattawa ba za su iya ba. Wannan raini ne kawai. Abin da ke hana babba koyo ba shekaru ba ne, tsoron kunyata a gaban yaran da ya girme wa iyayensu ne, in aka tara su a aji ɗaya aka ce Baba danna can ya rasa, gobe ba zai dawo ba. A haɗa shi da matashi ɗaya su biyu a kusurwa, shi ya koya wa yaron yadda ake gano littafi da lambar da ke nuna rukuninsa a kanta da yadda ake lallashin mai tambayar da bai san me yake nema ba, yaron ya nuna masa waya, ba wanda ya faɗi. Matsalar da ta fi ta dattawa ita ce ogan da in ya ga waya a hannunka a bakin aiki sai ya ce wasa kake, ko wanda ba a isa a ɗora ko sanarwar lokacin buɗewa ba sai an rubuto masa takarda ta bi ta ofis uku. In shugaba bai fito ya ce na ware awa ɗaya a mako don wannan kuma ni ma ina ciki ba, ba inda za a je.

Don haka kirana ga ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare ta ƙasa NLA da ta kafu tun 1962, musamman rassanta na jihohin Arewa, da hukumar rajistar ma'aikatan laburare LRCN, da sassan koyar da ilimin laburare na ABU da BUK da sauransu, a zauna a tsara jerin ƙananan ayyuka namu na kanmu, ko 12 ne ko 15 ba sai 23 ba, a rubuta da Hausa da Turanci, kowane aiki da ɗan bidiyo gajere marar cin data da muryar ɗan uwanmu ma'aikaci, a sake shi kyauta kowa ya kwafa, a buɗe shi ga kowa tun daga shugaba har mai shara in yana so. Shaidar kammalawa kar ta zama halartar zama, ta zama abin da mutum ya yi da hannunsa, ga jerin da na shigar, ga tambayoyin da na amsa, ga madogarar da na ƙara, kuma a lissafa shi a ƙarin girma kamar yadda ake lissafa satifiket ɗin otal. Asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund da hukumomin laburare na jihohi kuma in za su ba da kuɗin kwamfutoci su riƙa tambaya wa zai yi aiki da su kuma a ina ya koya.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon in wasu abokan aiki daga wasu jihohi ko daga Maraɗi da Damagaram suka rubuto nasu, ko sun yarda da ni ko sun saɓa, ka daure ka buga, ina so in ji musamman daga na ɗakunan karatun ƙananan hukumomi da na sakandare, don su ko takardar gayyatar bitar ba ta isa gare su.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin laburare